Motar Baturen Tsando

Shekara bakwai motar nan ta yi tana zaune a dajin da ke yamma da Kakangi, tun daminar da ƙasa ta sami mulkin kai. A-kori-kura ce mai ja da ƙafa huɗu, ta wani Bature da aka turo yaƙi da ƙudan tsando. Ta mutu masa a bakin wani kwari, ya ce zai aiko a ja ta, ya wuce ƙasarsu, shi ke nan. Gara ta cinye katakon bayanta, mafarauta suka kwashe ƙofofi da gilashi, ciyawa ta tsiro ta cikin sitiyari.

Mainasara, maƙeri kuma mai gyaran keke, shi ya sa wa ransa sai motar nan ta tashi, ya riƙa kai doya da dawa kasuwar Birnin Gwari. Kuskurensa ɗaya, ya faɗi haka a majalisa. Mutanen Kakangi kuwa ba su da abinci mai daɗi irin dariyar mutum. Nan take suka laƙaba masa Direba, in zai wuce wani ya yi masa oda da baki, wani ya tambaye shi kuɗin mota zuwa Makka. Shi ko mutum ne da ya gwammace a mare shi da a yi masa dariya. Sai ya yi shiru da zancen, ya koma yin aikin a ɓoye.

Shi kaɗai ba zai iya ba, don iliminsa a kan keke ya tsaya. Wanda ya san motar ciki da bai shi ne Andrawus, wani dattijo Bagwari, wanda ya tuƙa Baturen shekara shida. Makantar rafi ta ɗauke masa ido, gwiwoyi ma sun fara ƙi, amma in ya ɗora yatsa a kan ƙarfe zai gaya maka sunansa da cutarsa. Matarsa Laraba ba ta so tafiyar ba. Ranar farko har bakin zaure ta biyo su, ta ce, "Maƙeri, amana na ba ka. Yadda ka ɗauke shi, haka za ka dawo mini da shi."

Wata biyu suka yi suna zuwa, Mainasara a gaba riƙe da kan sanda, dattijo a baya. Tafiyar da mai ido zai yi a sa'a guda, su sai sun ci biyu da rabi. Sun wanke kafireto, sun goge fulogi, sun toshe yoyon lagireto da sabulu, tayoyin da suka rube suka cusa musu tsumma da ciyawa. Mainasara ya sassare 'yan itatuwan da suka fito a tsohuwar hanyar Baturen. Ya aro batir wajen wani direban babbar mota, ya ɗauko shi a ka, ya kai kamar mai kai amarya.

To, akwai wata al'ada a garin. Idan rani ya shiga, ciyawa ta bushe, mafarauta kan sa wa dajin wuta don nama ya fito. Saboda haka duk wanda zai shiga daji a lokacin sai ya tsaya gindin ɗorawar da ke bakin hanya, ya kama kan gamba ya ƙulla, in ya dawo ya kwance. Sarkin daji, Bakoji, ba ya ƙyasta wuta sai ya duba. In ya ga ƙulli ko ɗaya ne, an fasa. Matsalar ita ce kowa da irin ƙullinsa, kuma kowa ya san na kowa. Mainasara ya san ran da aka ga nasa kullum a wurin, asirinsa ya tonu. Don haka duk safiya in sun zo ɗorawar, dattijo ya ce, "Ka ƙulla?" sai ya girgiza ciyawar da hannu don ta yi ƙara, ya ce, "Na ƙulla, Baba."

Ranar da abin ya faru Talata ce, ranar da suka ce za su tayar da ita. Sun zuba fetur, sun ɗura ruwa, saura ɗan kaɗan a gora. Andrawus ya hau mazaunin direba, Mainasara ya zura ƙarfen murɗawa ta gaba ya shiga juyi. Injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Ya sake, ya sake, har gumi ya jiƙa masa riga, rana ta take tsaka. Kullum tari biyu, sai shiru.

Yana tsaye yana haki sai ya ga dattijo ya ɗaga hanci sama.

"Maƙeri, wa ke gasa wani abu a nan kusa?"

Mainasara ya waiwaya gabas, wajen gari. Shirwa ya fara gani, sun fi ashirin, suna shawagi ƙasa-ƙasa. A ƙarƙashinsu hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin, ya kama tun daga kudu har arewa. Iska kuwa daga can take busowa, tana shafar fuskarsa.

"Wuta ce, Baba."

"A'a. Bakoji ba ya sa wuta a kan ƙulli. Shekara talatin ban taɓa jin ya yi ba."

Sai dattijo ya juyo da fuskarsa daidai inda yake tsaye, kamar mai gani.

"Ba ka ƙulla ba."

"Ban ƙulla ba."

"Yau kaɗai?"

"Ko sau ɗaya."

Ya jira zagi, har ya so a zage shi, amma Andrawus sai ya gyara zama ya ce, "To. Gaya mini abin da ke bayanmu." Bayansu kwarin nan ne mai zurfi, cike da gamba da ta fi mutum tsawo. Mai ƙafa lafiya zai iya gangarawa, ya haura, ya kai kan duwatsun da ke can tsallake kafin wuta ta iso. Makaho mai ciwon gwiwa ko rabin gangaren ba zai kai ba. Dukansu sun san haka, ba wanda ya faɗa.

"Sake murɗa ta, in saurara da kyau," in ji dattijo.

Ya murɗa. Tari biyu, shiru.

"Tana shaƙa, ba ta fitarwa. Je ka baya ka dubi salansa."

Mainasara ya zaga baya ya durƙusa. Bakin bututun hayaƙin a toshe yake ruf da jar laka, gidan zanzaro a kan gidan zanzaro, aikin shekara bakwai. Wata biyu suna fama da gaban mota, ba wanda ya tuna da bayanta. Ya ɗauki dutse ya doka sau ɗaya, sai ya ji ƙarar wutar. Wani irin ruri ne mai haɗe da fashe-fashe, kamar ana karya kara dubu a lokaci guda. Wata gada ta ɓullo daga ciyawa ta wuce ta gefensa, ko kallonsa ba ta yi ba. Toka ta fara sauka a kan hannunsa.

Ba zai iya cewa ga lokacin da ya miƙe ba. Shi dai ya sami kansa a bakin kwari, ƙafa ɗaya ta riga ta fara gangara, dutsen yana hannunsa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa sani ba. Yana da mata da 'ya'ya huɗu. Wa zai san yadda aka yi? Ya waiwaya. Dattijo na zaune a motar da ba ƙofa, hannu biyu a kan sitiyari, ya karkata kai yana sauraro. Ya ji tafiyarsa sarai, amma bai kira shi ba. Da ya kira, wataƙila da Mainasara ya gudu.

Ya dawo da gudu, ya hau salansar da duka kamar mahaukaci har ta ɓalle daga tsakiya, laka ta zube. Ya zaga gaba ya kama ƙarfen, ya ce bisimilla, ya juya da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Injin ya yi tari, ya sake, ya yi wata ƙara kamar bindiga, sannan ya kama. Motar duka ta ɗauki rawa, tsatsa na zuba daga jikinta. Wata biyu yana mafarkin wannan ƙara, ga ta ta zo, ko daɗinta bai ji ba.

"Hau," in ji Andrawus. "Gabas za mu."

"Gabas ai wutar take, Baba."

"Wutar ciyawa ba ta da kauri. In muka keta ta, bayanta toka ce. In muka guje ta, ta fi mu sauri. Tsaga buhun kayan aikinmu gida biyu, ka zuba sauran ruwan."

Mainasara ya tsaga, ya jiƙa. Dattijo ya ce ya lulluɓe masa kai duka har wuya, shi ba abin da zai kalla. Da ya zo zai naɗe masa hannuwa da rigarsa, sai ya fizge. "In ka naɗe su, da me zan ji hanya?" Ya laluba ƙasa, ya kama wani ɗan ƙarfe mai jan kai ya ja shi baya, ƙafafun huɗu suka kama, ya saki kuloci. Motar ta yi ƙugi, ta ciro kanta daga ramin da ta zauna shekara bakwai.

Haka suka tafi, makaho da buhu a ka yana tuƙi, maƙeri na riƙe da ƙarfen gaba yana cewa dama kaɗan, hagu, miƙe, miƙe. Tayoyin tsumma suna dukan ƙasa. Hayaƙi ya rufe rana, zafi ya fara cin fuska. Da suka zagayo wani ƙaton suri, sai ga wutar a gabansu, ja wur, ta fi soro tsawo, ta cika hanya.

"Miƙe take?" dattijo ya tambaya daga cikin buhu.

"Miƙe take."

"To, sunkuya."

Mainasara ya cusa kansa ƙarƙashi, ya ja buhu. Ya ji an taka totur har ƙasa. Daga nan babu komai sai zafi da ruri, iska ta ƙare, ya buɗe baki ya rasa abin shaƙa. Ya ji gashin ƙafarsa na ƙonewa. Yana salati, can sama yana jin dattijo na kiran Yesu da Gwaranci. Motar ta yi tsalle, ta karkata kamar za ta kife, aka dawo da ita. Sai rurin ya koma bayansu.

Sun ɗan ƙara gaba kafin injin ya mutu don kansa. Ko'ina baƙar toka ce, kututture na hayaƙi nan da can. Mainasara ya diro ya watsa ƙasa a kan tayar baya da ta kama da wuta, ya dudduba jikinsa. Ban da ɗan tabo a ƙwauri, ba abin da ya same shi. Ya zaga ya cire wa dattijo buhun. Fuskar lafiya lau.

"Sauko, Baba. Mun fita."

"Ban iya saki ba. Ɓamɓare ni."

Sai a lokacin ya dubi hannuwan. Sun kumbura sun yi fari, fatar ta manne da sitiyari. Ɗaya bayan ɗaya ya ɗaga yatsun, yana kuka, dattijo na cije baki. Ya rungumo shi ya sauke, ya zaunar da shi a inuwar motar, ya durƙusa gabansa. Can nesa ana jin karnukan mafarauta suna matsowa.

"Ka yafe mini, Baba," ya ce. "Ni na jawo."

Andrawus ya ɗaga hannun dama a hankali, ya miƙa shi gaba yana lalube kamar yadda ya saba, har yatsun suka sauka a kan kuncin Mainasara. Ya bar su a nan, ya ɗan matsa su sama, ya dawo da su. Goshinsa ya tattare, don yatsun ba su ji komai ba.

"Maƙeri," ya ce, "mene ne wannan na taɓa?"