Siffofi Biyar a Kan Sallau

…kuma jibi ne jarrabawar, jibi, ita kuwa Mas'uda har yanzu tana shafi na uku. Aji ya watse tun azahar, ita kaɗai ta rage, littafi a cinya. In ta ci, za a ɗauke ta tafinta a sansanin 'yan gudun hijira na Sayam Forage. In ta faɗi — Yaya Abbakar ya riga ya yanke: ta tattara ta koma Damagaram, wai mace ba ta zama ita kaɗai a Diffa tana jiran wanda ba a san ko…

A'a. Shafi na uku.

Gaunt: ramamme. Weary: gajiyayye. Malam Jibirin, ɗan Damasak ɗin da ke koya musu Ingilishi, ya ce good da bad ba sa isar tafinta. Mutum zai zauna gabanki ya faɗi abin da idonsa ya gani, ke ce bakinsa. Aikin gida: siffofi biyar a kan wanda ka sani sosai.

Wa ta sani sosai? Sallau mana. Mijinta.

Generous: mai kyauta. Ta rubuta. Yakan dawo daga lodin tattasai a Shetimari, rigarsa na sa ta atishawa, shi yana ta dariya… Jovial: mai fara'a. Biyu ke nan. Shekara huɗu yanzu. Ya ce lodi ɗaya ne kawai, ƙetaren kogin Komadugu, kafin Juma'a ya dawo. Ta riƙe masa hannun riga a zaure — ta riƙe fa — ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. "Ke dai kin cika tsoro." An tsinci motar lodin. Shi ba a gan shi ba.

Obstinate: mai taurin kai. Hannunta ya rubuta kafin ta hana shi. Ta soke? Ana faɗin haka a kan mutumin da wataƙila… Reckless: mai ganganci. Huɗu. Biro har yana huda takarda.

Daga ina wannan ya fito? Shekara huɗu tana amsa "sai haƙuri", maƙwabta na yabon danganarta. Da Hausa ba ta taɓa faɗin aibinsa ba, ko a zuci. Harshen ba ya juyuwa. Amma wannan yaren bai san Sallau ba, bai ci abincinsa ba, ba ya jin nauyin kowa…

Idonta ya sauka ƙasan shafin. Resentful: mai riƙo, wanda bai yafe ba. Wannan ba ta Sallau ba ce.

Tsoho mai gadi na kaɗa makullai a bakin ƙofa.

"Madam, zan rufe."

"To, Baba. Yanzu."

Ba ta motsa ba. Ashe ba kewa kaɗai ta zaunar da ita a garin nan ba. Fushi take yi — fushi, tun ranar da ya tafi — kuma wa za ta yi wa shi, in bai dawo ba?