Shingayen Kawu

Ranar Alhamis ce, tun safe ake yayyafi mai naci, irin wanda ba ya jiƙa mutum sharkaf amma ba ya barinsa ya bushe. Da yamma muka taru a shagon Kawu mai walda, domin talabijin ɗinsa ta fi tamu kama tasha. Ya kashe inji, ya ture guntayen ƙarfe gefe, ya ɗora ta a kan teburin aiki. Umma ta zauna a benci ta ba ta baya, ta ce in an gama a faɗa mata.

Ƙanwata Auta ce za ta yi gudu: mita ɗari huɗu na tsallake shinge, na mata, zagayen kusa da na ƙarshe a gasar duniya. Tun kafin su tashi hukumar wasanni ta faɗa musu gaskiya. Wadda ta kai zagayen ƙarshe za ta zauna a tawaga, a tura ta sansanin horo. Wadda ba ta kai ba ta koma gida, a ɗauko yara masu tasowa. Auta kuwa ta wuce a kira ta yarinya a wannan harka, kuma ta ajiye aikinta na kantin magani saboda wannan tafiya.

Ni ban taɓa daɗewa a kan abu ɗaya ba. Na bar makaranta a aji biyu na sakandare, na yi wankin mota, na yi kwandasta, a lokacin ina shagon gyaran waya. Umma takan ce da za a yanki rabin haƙurin Auta a ba ni, da na zama mutum. Ita tun tana ƙarama abu ɗaya take yi, ta yi gudu ta tsallake.

A filin wasa na garinmu akwai shingaye na gaske, masu kyau, an turo su daga waje. Suna cikin sito, a ledarsu. Mai sito ba ya fito da su sai ranar da manya za su zo, don kada su lalace. Da Auta ta gaji da tsallake kujerun roba, sai Kawu ya ce shi ba zai zuba ido 'yar ƙanwarsa tana roƙon katako ba alhali yana da wuta da ƙarfe. Ya auna tsayi daidai, ya haɗa mata guda goma da bututun ruwa. Bututun bai isa ba, sai suka ɗan fito a tsuke. Ya yi musu ƙafafu gaba da baya, ya cika su da nauyi, yana alfahari cewa aikinsa ko mota ta buge shi motar ce za ta je gareji.

Ba mota ce ta buge shi ba, gwiwar Auta ce ta hagu, a shekara ta biyu. Ta yi jinya, ta warke, ta koma. Bayan nan gudunta ma ƙaruwa ya yi, Koc, mai horar da ita, yana ta yabon kansa a gidan rediyo.

Aka harba bindiga. Har suka miƙe a layin baya tana cikin na ƙarshe, maƙwabcin Kawu mai sayar da taya yana cewa an bar mu a tasha. Da suka shiga kwana ta biyu ta fara cinye su. Na san wannan gudun, kanta a ɗan karkace, bakinta a buɗe. Da suka fito miƙaƙƙen layin ƙarshe ƙafafun sauran sun yi nauyi, ɗaya ta daki shinge ta yi tangaɗi. Auta ta wuce ta, ta wuce wata, ta shiga ta biyu. Biyun farko ne ke haurawa kai tsaye.

Shagon ya kaure. Mai taya ya rungume Kawu har da baƙin mai a rigarsa. Umma ta juyo a hankali, ta kalli 'yarta tana durƙushe a ƙasa tana haki, ta ce yarinyar nan ta rame.

Muna cikin haka aka nuna jerin sunaye. Na Auta ya koma can ƙasa, da jajayen haruffa biyu a gefensa. Aka maimaita gudun a hankali, daga sama, a kwana ta biyu. Ƙafarta ta dama ta haye shingen lafiya lau. Ta hagu, mai biyowa, ba ta bi ta kai ba. Ta zagaya ta gefe, ƙasa da sandar shingen. Aka nuna na gaba, haka. Mai sharhi ya ce doka ta hana, dole ƙafafu biyu su bi ta sama, don haka an soke ta.

Babu wanda ya san wannan doka a cikinmu. Mai taya ya fara zagin alƙalai, wai sun ga baƙuwar fuska ce. Kawu kuwa ya taso. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya kalli maimaicin na uku.

"Ba shingensu take gudu ba," in ji shi. "Nawa take gudu."

Ya ɗauki hular waldarsa ya shiga ciki, ya bar mu da talabijin.

Sai washegari Auta ta kira ni. Muryarta a daidai, kamar mai karanta sunan magani. Ta ce an shigar da ƙorafi, an duba, an ce hoton bai bar wurin gardama ba. Na tambaye ta ko Koc ya san ƙafar tana yin haka. Ta ce ya sani tun shekarar gwiwa. Ya ce mata in aka tsaya gyarawa gudunta zai ragu, kuma alƙalan gida ba sa kallon kwana, sai a bari bayan gasa. Kowace shekara akwai gasa.

"Yaya, ka san abin da ya fi cina?" ta ce. "A filin ɗumama jiki na taɓa shingensu ɗaya da gangan, da gwiwar. Faɗuwa ya yi kawai. Kamar kwali."



"Kada ka bar Kawu ya ɗora wa kansa," ta ce, ta kashe.

Kafin jirginsu ya sauka Koc ya riga ya yi magana da 'yan jarida. Ya ce yarinya ce mai baiwa amma ba ta jin magana, ya sha yi mata gargaɗi. Shugaban hukuma ya ce su dai sun samar da kayan aiki na zamani, ya gayyaci kowa ya zo ya gani. Na bar shago ba tare da na faɗa wa maigidana ba, na je. An jera shingayen a fili, suna ƙyalli, ko ƙwarzane babu. Aka ɗauki hoto, manya suka shiga mota, mai sito ya fara mayar da su leda ɗaya bayan ɗaya.

Na ce masa ya bar ko guda biyar a waje, akwai yara mata can gefe suna jira da takalmansu a hannu. Bai ko ɗago ba.

"Samari, in sun lalace ni za a tambaya, ba kai ba."

Ban san lokacin da na shaƙe wuyan rigarsa ba. Masu gadi suka fitar da ni, ɗaya yana tambaya ko ni ne yayan mai zagaye. Sunan da gari ya sa mata ke nan tun kafin ta iso.

Lissafin ba shi da wuya. Auta ta rasa zagayen ƙarshe, ta rasa tawaga, kantin magani kuma sun ɗauki wata. Gwiwar hagu ba ta lanƙwasuwa sosai in an yi sanyi. Ni na rasa gyaran waya, wanda dama ba zan daɗe ba. Kawu bai sake taka gidanmu ba, ko da Auta ta je da kanta ta kira shi, sai ya ce aiki ya yi masa yawa. Koc bai rasa komai ba, an ba shi sababbin yara uku. Mai sito ya rasa maɓallin riga ɗaya.