Gilashin Motar Auta

Mutumin da ya manta da 'yarsa a cikin mota, ya kulle ƙofa ya tafi aiki, mugu ne ko kuwa mutum ne kamar kowa? Na juya tambayar nan a raina har na gaji, ban samo mata amsa ba. Da a kan wani can aka ba ni labarin, da tuni na yanke hukunci. To amma ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ni sana'ata sa gilashin mota. Ina da rumfa a bakin titi, da ɗan ɗaki a ciki inda nake jingine gilasai, da fanka mai ƙara. Shi kuwa ƙanen nawa, Auta, a asibiti yake aiki, ɗakin gwajin jini. Tun yana yaro ko murfin biro bai taɓa yarwa ba. Matarsa ma tsokanarsa take yi, wai ita agogo ta aura.

Ranar, da yamma, kwalta tana ta huci, na ga motarsa ta shigo rumfa a hankali. Gilashin ƙofar gaba na gefen fasinja babu shi, sai ɓurɓushi a kan kujera.

Na ce, "Auta, kai ma ɓarayi sun gano ka? Me suka samu, kwalaben fitsarin mutane?"

Bai yi dariya ba. Ya fito ya buɗe ƙofar baya, ya ɗauko 'yarsa. Kumatu muke ce mata, ba ta fara tafiya ba tukuna. Akwai filasta a bayan hannunta, leɓenta ya bushe ya tsage. Ta kwantar da kai a kafaɗarsa tana kallona, ba ta miƙo hannu ba kamar yadda ta saba.

"Yaya, mu shiga ciki."

Na kunna fanka na ba shi kujera. A tsaye ya ba ni labarin. Matarsa ta fara wani kwas a can ƙarshen gari, da sassafe take fita. Kullum ita ke kai Kumatu gidan mai reno kafin ta wuce aiki, yau ne karon farko da abin ya faɗo kansa. Ya ɗaure yarinyar a kujerarta, irin wadda ke kallon baya, a bayan kujerar direba. Kafin su fita layi ta yi barci. Da ya zo kwanar da zai karya zuwa gidan mai reno, sai ya miƙe, yadda yake miƙewa kowace safiya. Ya ajiye mota a filin asibiti, ya kulle, ya shiga ya sa farar riga.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da wata mata da ta zo dubiya ta ajiye motarta kusa da tasa. Ta ji wani sauti kamar na ɗan kyanwa. Ta leƙa. Ba ta tsaya neman mai motar ba, ta ɗauko ƙarfen kwance taya ta fasa gilashin da ya fi nisa da yarinyar. Maigadi ne ya gane motar, ya ruga ya kira shi.

Na ce, "Tana ta gumi?"

"Ta daina gumi, Yaya. Likita ya ce shi ne abin da ya fi ba shi tsoro."

Sai ni na nemi wuri na zauna. Na san abin da rana ke yi wa mota a rufe. Ƙarfen bel ɗin kujera ya taɓa ƙona ni har fata ta tashi. Na taɓa ganin robar gaban mota ta yi laushi tana ɗaukar shatin yatsa. Na dubi yarinyar, na dubi uban.

Ya ce an yi mata ƙarin ruwa, an riƙe ta har zafin ya sauka, an ce su tafi gida. Sannan ya ce, "Kana da irin gilashin?"

"Ina da shi."

"Sa mini yanzu. Kafin Maman Kumatu ta dawo."

Na ɗago kai. "Ba ta sani ba?"

"Ba ta sani ba, kuma ba za ta sani ba. Abokan aikina sun yi mini alkawari."

"Filastar hannun fa?"

"Zazzaɓi ya kama ta, na kai ta aka duba."

"Mai reno fa? Ita ma ta yi alkawari?"

"Zan ce mata na ɗauki hutu ne yau. Ita ai ba ta ma kira ba. Ta ɗauka uwar tana gida."

"To, ba zan sa ba."

Ya dube ni kamar na mare shi. "Gilashi nake nema, Yaya, ba wa'azi ba."

"Ka je wani wuri. Layin nan cike yake da masu sawa."

"Su ma tambaya za su yi. Kai ka san matata. Idan ta ji, ba za ta sake bari na ɗauki yarinyar nan ba ko daga gado zuwa tabarma. In ma ta zauna ke nan. Duk sanda ta dube ni abin da za ta gani ke nan. Yarinya ta tsira, me za a ƙara da faɗa? A kashe mini gida a kan abin da ya riga ya wuce?"

Maganarsa ba shirme ba ce. Na san matar, na san yadda take tashi ta taɓa ƙirjin yarinyar idan barcinta ya yi nauyi. Wace riba za ta ci da sanin nan, ban da ta kwana tana ganin abin da bai faru ba? Kuma ni wane ne da zan riƙe wa ƙanena gilashi har sai ya rusa wa kansa gida? Duk da haka hannuna ya ƙi zuwa wajen sukundireba.

Na ce, "Kwas ɗin yaushe zai ƙare?"

"Ƙarshen wata."

"Ke nan gobe ma kai za ka kai ta."

"Ni zan kai ta. Kuma wallahi ko mutuwa nake yi ba zan sake mantawa ba. Bayan abin da na gani yau? Haba, Yaya."

"Na ji wasu suna cire takalmin hagu su jefa kusa da yaron. Ko waya. Ba ka fita sai ka juya."

"Ni ba mahaukaci ba ne da zan tuƙa mota da takalmi ɗaya."

"Ko uwar ta riƙa kiran ka da safe ta ji ko ka sauke ta? Ko mai reno ta kira idan ba ta gan ku ba? Amma ta yaya za su kira, alhali ba su san akwai abin tsoro ba?"

"Ba na buƙatar mai gadi. Sau ɗaya ne."

Akwai abin da ke cina tun ɗazu, sai na tambaya. "Duk tsawon safiyar nan, ko sau ɗaya Kumatu ba ta faɗo maka a rai ba?"

Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa. "Ta faɗo. Har hotonta na nuna wa wani a waya. Da maigadi ya shigo ya ce yarinyarka tana cikin mota, ce masa na yi ba tawa ba ce, tawa tana gidan mai reno. Har da ɗan fushi na faɗa."

Ni a da na ɗauka mantuwa rami ce, ka laluba ka ji babu komai a wurin. Ashe akan cike ramin da wani abu, a shafe, ka taka ka wuce.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro ya duba, na hango sunan da ya sa wa matarsa. Ya bar ta har ta katse. Can sai saƙon murya ya shigo, ya kunna a hankali, amma ɗakin ƙarami ne. Muryarta fes, da hayaniyar titi a bayanta: "Baban Kumatu, mun tashi, ina hanya. Ya 'yar rigimar taka? Ta yi kuka da ka sauke ta? Yau ko sau ɗaya ban yi fargaba ba, na ce tana hannun agogo."

Ya kife wayar a kan tebur.

Jin muryar uwarta ya sa Kumatu ta motsa, ta fara kuka, kuka marar ƙarfi, a dushe. Na karɓe ta ina jijjigawa, na ji ta jiƙe.

Na ce, "Ɗauko jakarta a canza mata kunzugu. Akwai madara a ciki?"

Yana murza ido da tafin hannu ya ce, "Jakar tana gidan mai reno. Ni na miƙa mata da safe, a bakin ƙofa, har ta ce..."

Ya tsaya.

Fanka tana ta ƙara. Na fita da yarinyar a kafaɗa, na buɗe ƙofar baya. Jakar tana nan a ƙasa, a gindin kujerar, zif a rufe. Kwalbar madara a aljihun gefe, madarar ta tsinke ta rabu da ruwa. Na ɗauko na shiga da ita na ajiye a gabansa.

Ya zuba wa jakar ido. Fuskarsa ta yi fari fat.

"Yaya, ina ganinta. Yanzu haka ina ganin matar ta miƙo hannu ta karɓa. Mayafi kore ne a jikinta."

"Wata rana ce da kuka je tare da matarka."

"A'a. Yau nake gani."

Ya zauna a kujerar da ya ƙi zama ɗazu. Na shimfiɗa tsohuwar rigata a kan tebur, na canza wa yarinyar kunzugu yadda na iya, na ba ta ruwa da murfin kwalba kaɗan-kaɗan. Ta sha tana riƙe da yatsana. Ban sake ce masa ya faɗa ba. In gaskiya ce, da a lokacin ya sake roƙona in sa gilashin, ban san abin da zan yi ba, don tausayinsa ya riga ya cika mini ciki.

Bai roƙa ba. Ya ce, "Idan Maman Kumatu ta bar ni fa?"

"Ban sani ba, Auta."

"Kai kullum ba ka sani ba."

Ya jawo wayar, ya juya ta, ya danna. Ta ɗauka tun kafin ta gama ƙarar farko, na ji tana dariya tana cewa wani abu game da cunkoso.

Ya ce, "Maman Kumatu, kada ki wuce gida. Ki sauka a rumfar Yaya. Lafiyarta lau, ga ta a hannunsa, kina jin ta. Ki nemi wuri ki tsaya tukuna. Yau ban kai ta gidan mai reno ba."