Ba Toshewa Ba Ce

Mai gyaran famfo ne, irin mutanen nan da duk abin da ya lalace a duniya, a wurinsu toshewa ce. Ciwon kai toshewa, taurin kan ɗansa na fari ma toshewa. Don haka ranar da matarsa ta kama hannunsa ta ɗora a kan wani ƙullutu a nononta na hagu, bai yi wata-wata ba.

"Hanyar jini ce ta toshe, Maman yara. A buɗe ta, shi ke nan."

Kullum kafin ya fita aiki sai ya tafasa ruwa, ya tsoma tawul, ya gasa mata wurin. Da jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa a fatar har murna ya yi, wai layi ya buɗe. Ita kuwa ta yarda da hannunsa, Injiniya ma take ce masa don tsokana. Sai da ƙanwarta ta tayar musu da ƙayar baya suka je asibiti.

Aka yi hoto, aka ɗebi ɗan nama aka gwada. Ranar karɓar sakamako likitar ba ta ɓoye musu ba: kansa ce, wato ciwon daji, kuma shawararta a cire nonon. Ta juyo musu da hoton. Ga ƙullutun baƙi, ja da shuɗi sun kewaye shi kamar zare.

"A cire gaba ɗaya? Haba likita!" in ji shi. "Ga jini nan yana gudana. Abin da jini ke ratsawa ai lafiyayye ne."

"Malam, waɗannan jijiyoyin ba da su aka haife ta ba. Irin wannan ƙari, in bai sami jini ba, da kyar yake wuce ƙwayar gero. Sai ya sa jijiyoyin da ke kusa su tsiro masa sababbi. Da su yake ci, yake girma, ta nan kuma yake samun hanyar zuwa wani wuri. Dubi yadda suke a karkace. Har yoyo suke yi."

Ya ƙura wa hoton ido. Ya san wannan aikin sarai: siririn bututu a karkace, an liƙa shi a babban layi a ɓoye, maƙwabta na ta kukan rashin ruwa. Ya juya ga likitar.

"Ruwan zafin nan, ni na jawo mata?"

"A'a. Bai ƙara ba, bai rage ba. Lokaci kawai ya ci mana."

Kunya ta kama shi, tsoro ya danne kunyar. Ya kasa ɗaga kai.

Matarsa ta dafa gwiwarsa.

"Injiniya, in ka tarar da mai satar ruwa a layi, me kake yi?"

Ya sake duban hoton.

"Yankewa nake yi."

Ta gyara mayafinta, ta dubi likitar.

"To, a sa mana rana."