Silifas a Ƙofar Ɗakin Taurari

Ku tsaya ku ji abin da ya sami mai shara a gidan nuna zane-zane!

Wani mai zane ne ya gina ɗaki a tsakiyar falon sama, wai kabari ne. Ba taga, bango baƙi ƙirin, rufin duk ƙananan huji, haske na zubowa kamar taurari. Mutum ɗaya ke shiga, ya bar takalmi a ƙofa, mai gadi ya ja sakata ya kunna lasifika, koke-koke su yi ta tashi minti goma, wai ka tuna ranarka.

Da safe mai shara ta zaunar da 'yarta Ɓulɓul a kan zani, ta cire silifas don kada ta ɓata baƙin daɓen, ta shiga da tsintsiya. Ɓulɓul watanta goma sha bakwai, rarrafe kawai take, dangin uba har sun fara ƙus-ƙus. Sabon mai gadi ya ga takalmi, ya ɗauka baƙuwa ce. Ƙarap, sakata!

Duhu ya rufe ta, kuka ya cika ɗakin. Sai ta tuna zanin nan taku biyar ne da bakin matakala.

"Baba mai gadi, buɗe! 'Yata! Matakala!"

Ta buga ƙofa har tafinta ya yi zafi. Ta jiyo wani baƙo a waje yana cewa, "Kai, muryar nan kamar gaske. Mai zanen nan ya iya!"

"Ni har tsigar jikina ta tashi," in ji matarsa.

Wayyo! Duk ihun da ta yi, ƙara yabon mai zane suke. Taurarin suka fara juyawa a kanta. Ta zube ƙasa, ta kafa baki a 'yar kafar ƙasan ƙofa, ta daina ihu. Ta yi kira a hankali, yadda take kiranta shan nono: "Ɓulɓul, taho wurin Mama."

Ta kara ido a kafar. Sai ga ƙafafu biyu ƙanana, ba gwiwa ba, tafin ƙafa a ƙasa! Ɗaya, biyu, tangal-tangal, har bakwai. Ɓulɓul ta dafa ƙofar tana dukanta tana tsala ihu.

"La ilaha! Uwar ce a ciki!" Mai gadi ya yi maza ya zare sakata.

Mai shara ta fito da rarrafe ta rungume ta, kuka da dariya a haɗe. "Baba, ara mini wayarka. Surukata zan fara kira!"