Dutsen Rauda a Cikin Randa

Wai dutse ake raino kamar jinjiri! Abin da Inna Ummu Hani ta yi ta nanatawa ke nan ranar da ɗiyarta Rauda ta sauka daga motar Birnin Kebbi rungume da kwalba, tana taku kamar mai ɗauke da ƙwai.

Rauda digiri na biyu take yi a fannin kimiyya. Aikinta shi ne ta samar da kiristal, wani dutse garai-garai mai kama da alif, wanda ke girma a hankali cikin ruwan sinadari. In ya fito tas aka harba masa hasken leza irin wanda ido ba ya gani, sai hasken ya ɓullo ta ɗaya gefen kore shar. To amma dutsen nan akwai tsirfa. Ba ya son zafi ya hau ya sauka, ba ya son girgiza. A ɗakin gwajinsu kuwa wuta ta zo, wuta ta tafi, ga janareta na jijjiga bango. Duk dutsen da ta yi rainonsa, in bai yi hazo ba ya tsage. Malamarta Dakta Yewande ba ta ɓoye mata ba: na'urar lezar aro ce, ƙarshen zango za a mayar. In babu dutse kafin nan, babu digiri.

Shi ya sa Rauda ta tuna da ɗakin ƙasar Inna a Gulma, da randar nan da ke zaune cikin jiƙaƙƙen rairayi, sanyinta ɗaya dare da rana. Ta zaunar da kwalbar cikin ruwan randar, ta rufe da faifai.

"Inna, don Allah kada kowa ya sa moɗa a nan. Kuma," ta sunkuyar da kai, "kada a yi daka kusa."

"Mi? Gida ba daka? Ke ɗiyar ga, boko ya taɓa ki!"

Haka Rauda ta koma makaranta hankalinta bai kwanta ba, don ta san gidansu: duk wanda ya shigo randa yake fara nufa.

Ashe ba ta gama sanin uwarta ba. Washegari Inna ta mirgina turmi har gidan maƙwabta, tana mita tana turawa. Ta dasa kujera a ƙofar ɗaki, baƙo ya nemi ruwa ta miƙa masa na tulu. Matan unguwa kuwa sun samu abin yi.

"Ummu Hani, ya mai jego?"

"Yana barci. Ku rage murya."

Har bikin ɗiyar ƙanenta aka yi a Argungu ba ta leƙa ba, dangi suka yi fushinsu suka gaji.

Ranar da Rauda ta zo ɗaukar dutsen, ta buɗe faifan randar. Ta ɗaga kwalbar. Ga shi nan kamar dabino, gefe guda da ɗan hazo, tsakiyar kuwa wasai.

"Ba inda za ki da shi ba ni," in ji Inna, ta riga ta yafa mayafi.

Inna ta sauka wajen 'yar'uwarta a Gwadangaji har aka yanka dutsen aka goge shi. Ranar gwaji Dakta Yewande da kanta ta ɗaura mata tabaran kare ido, ta ce, "Mama, ga farar takarda can, ita za ki kalla."

Aka kunna. Takarda fara fat. Rauda ta juya dutsen kaɗan, babu komai. Ta ƙara, shiru. Wallahi a nan ta ji duniyar ta isheta, ba don digirin kaɗai ba, har da kunyar tsohuwar da ke tsaye a bayanta.

"An dai kunna?" Inna ta tambaya.

"An kunna, Inna."

"To ci gaba. Wa ya ce ki tsaya?"

Rauda ta share ido da bayan hannu, ta ƙara murzawa ɗan ƙiris. Sai ga ɗigo kore a tsakiyar takardar, ƙarami, yana ƙyalli.

Dakta ta buga tsalle ta manta da girma. Rauda kuwa kuka ta sa, na daɗi. Inna ta daɗe tana kallon ɗigon, sannan ta yi tambaya.

"Wanga daga ɗakina ya fito?"

"Daga ɗakinki, Inna."

Dakta ta kai hannu za ta kashe na'urar, Inna ta riƙe mata gefen riga.

"Malama, bari tukuna. Ban gama gani ba."