Hoton Kwana Bakwai

Nomau ya fizgo takardar daga gefen kyamara, ya riƙe ta da yatsu biyu, ya fara ƙirga a zuci. Sana'ar ke nan da ta sa kasuwar Arlit ta manta sunansa na yanka, yaro da babba sai dai Minti Guda. In takardar za ta fito, sai ta bi tsakanin wasu ƙarafa biyu, su matse ƙullin maganin da ke bakinta ya fashe ya shafu a ciki. A ƙirga sittin, a ɓare ta kamar ɓawon ayaba, mutum ya ga kansa. A bazarar 1979 kuwa, duk wanda ya samu aiki a ramin yuraniyam sai ya zo an ɗauke shi da sabon agogo, ya aika gida a san ba zaman banza yake ba.

Mai agogon yau Fatahu ne, makanikin manyan motoci daga Damagaram. Har yanzu bai sauke hannun da ya ɗora a ƙirji don agogon ya fito ba.

Nomau ya ɓare takardar. Hoton ya fito fari-fari kamar an zuba masa nono, fuska da ƙyar ake gane ta. A tsakiyar ƙirjin kuma, baƙi wuluk, ga makulli kwance.

Fatahu ya karɓa ya duba, ya shafa gaban rigarsa, ya sake dubawa.

"Minti Guda, mene ne wannan a ƙirjina?"

"Wallahi ban sani ba."

"Ba ka sani ba? Innalillahi! An kulle ni a kwaɗo, ga makullin nan ya fito. Wa ya ba ka aikina?"

Nomau ya yi rantsuwa har da kabarin ubansa, amma wanda ya ga makulli a ƙirjinsa ba ya jin rantsuwa. Fatahu ya jefar da hoton kamar ya taɓa garwashi, ya fice yana karanta duk abin da ya zo bakinsa.

Nomau ya saki labulen rumfar. Ya cire hula ya rufe idon kyamarar, bai danna komai ba, ya fizgo takarda ta biyu. Takardar da ba ta ga haske ba baƙa ƙirin take fitowa, wannan ko ɗan koyo ya sani. Bai taɓa jin sittin ta yi masa nisa irin ta yau ba.

Ta fito fara. Babu mutum, babu labule, sai makullin shi kaɗai, da haƙorinsa guda da ya gutsure.

Da gutsuren nan ya gane makullin. Na ajiya ne na kwaɗon rumfarsa. Zafin Arlit yana dafa takardar hoto, shi ya sa yake ajiye kwalayen a gida, kan wani falalen dutse da ke gindin randa a ɗaki, inda ake samun sanyi, makullin kuma a ƙarƙashinsu. Ashe ko mene ne ya ɗauki hoton nan ba da kyamara ba, a ɗakinsa yake zaune, tare da matarsa Hansai da 'yarsu Mina, wadda suka samu bayan shekara tara da aure.

Gidan malami ya nufa, jakarsa a kafaɗa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. A bakin layinsu ya ci karo da maƙwabcinsa Attaher, dattijon Ba'abzine da ya shekara takwas a cikin rami, yana zaune a inuwa yana hura garwashin shayi.

"Minti Guda, wa ya kore ka?"

Nomau ya miƙa masa hoton, ya faɗi abin da ya faru, magana tana hawa kan magana. Attaher ya daɗe yana kallon takardar. Bai yi dariya ba, shi da ke yi wa kowa dariya.

"Takardan, a kan mi ya kwana?"

"Bisa dutsi. Gindin randa."

"Dutsen daga ina?"

"Tarin nan na bayan gari, inda manyan motoci ka zubda dutsin rami. Kowa can yaka ɗiba."

"Kwana nawa?"

"Bakwai."

Attaher ya taɓa ƙirjinsa, daidai aljihu. "A rami, nan ake maƙala mana wani ƙaramin abu. Takarda irin naka ne a ciki, a rufe. Duk wata ana karɓa a wanke. In ya sha da yawa, a ce Attaher fita daga rami, ka huta. Dutsen nan yana da haske, Nomau, ido ba ya gani. Ya huda kwali, ya huda riga, ya huda mutum. Makullinka ƙarfe ne, ya tare shi, shi ya sa inuwansa ya fito."

"Ke nan ba aljani ba ne?"

"Ba aljani ba ne."

Nomau ya so a ce aljani ne. Aljani yana da malami, yana da turare, yana da ayar da yake tsoro.

"Mi yaka yi ma mutum?"

"Yau ba komai. Gobe ba komai." Attaher ya mayar masa da hoton. "Amma ni babba ne, awa takwas nake yi in fito. Kada yaro ya kwana kusa da shi."

Nomau bai tsaya sallama ba. Hansai tana tsakar gida tana tankaɗe, ya wuce ta ya faɗa ɗaki. Mina tana nan inda take kullum da azahar, kan ɗan dakalin da ya gina mata da hannunsa shekara biyu da suka wuce, don ta samu wuri mai sanyi. Ta ture tabarmar da aka shimfiɗa mata, ta manna kumatunta a kan dutsen, bakinta a buɗe. Ya tuna yadda ya yi ta fahariya da dakalin nan, har maƙwabta suka zo gani.

Ya sunkuce ta kamar wanda ya ga kunama. Yarinyar ta farka ta tsala ihu.

"Lahiya, Malam?" Hansai ta shigo da gari a hannu. "Ka hirgita ta!"

Ya miƙa mata yarinyar, ya kawar da randa, ya ja falalen dutsen har bayan katanga, yana haki yana gaya mata abin da Attaher ya ce. Ta saurara, ta ƙara rungume 'yar.

"To dakalin hwa? Ba tare ka kwaso su ba?"

"Tari guda ne. Amma ƙila ba duka ka da abun ba."

"Ƙila?"

Ya buɗe jakarsa ya fito da sabon kwalin takarda, wanda ya iso daga Agadez yau da safe, bai taɓa kwana a gidan ba. Ya ɗauki makullin ya ajiye daidai inda kumatun Mina ya bar danshin gumi, ya ɗora kwalin a kai, ya kifa kwano.

"Kada kowa ya taɓa. Kada kowa ya kwana ciki. Sai kwana bakwai in ɓare."

"Kai da minti guda?" Ta yi masa tsiya yadda ta saba, amma babu wanda ya yi dariya. "To mi kaka so ya hito?"

"Baƙi, Hansai. Ki roƙi Allah ya hito baƙi ƙirin."

Ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Mina ta ƙi kwanciya, tana kuka tana cewa ƙasa da zafi, ita dakalinta take so. Nomau ya ja ƙofar ɗakin, ya zauna a bakinta ya jingina bayansa. Bai san lokacin da ya fara ƙirga ba, sai da ya ji kansa ya kai sittin. Ya dubi ƙofar, ya dubi yarinyar, ya sake farawa daga ɗaya.